Yadda Za Ka Sa Likitan 'Yan Wasa Ya Hana Ka Kokawa

"Na ce ba ni na aiko makaɗin nan ba, Dankure!"

"Gwaggo Hure, duk Argungu wa ya san ranar da zan koma awo, in ba ke ba?"

"Daga ni sai matan da muke ɗibar ruwa tare."

Ƙyale shi ya yi ta huci a bakin ƙofa. Kai mai karatu, matso. Wancan ɗan ƙanena ne, ɗan kokawa. Shi ya tsaya tsakiyar kasuwa ya rantse ranar bikin samun mulkin kai sai ya kai Tamba na Gulma ƙasa. Bayan nan ne ya ga Tamba ido da ido, yana sauke buhun shinkafa daga jirgi da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana cin rogo. Tun ranar tuwo bai ƙara zama cikin Dankure ba. In kai ma bakinka ya ja maka irin wannan, ga hanya. Na lamunce maka, za ka tsira da sunanka da haƙarƙarinka gaba ɗaya.

1. Nemi likitan da ya dawo daga kwas

Da can ɗan kokawa ba shi da mafita, ko ya shiga fage ko mata su sa shi waƙa. Yanzu ilimi ya zo. Malam Anselm, malamin asibiti daga Nasarawa ta Birnin Kebbi, an tura shi ya koyo lafiyar 'yan wasa, ya dawo da doka: ba mai shiga fage sai an auna shi. Wanda ya ce wa a'a, ya huta. Ka nemi sabon dawowa, don shi ne ke ƙaiƙayin ya samu cuta ya gwada karatunsa.

2. Zaɓi ƙafa ɗaya, ka riƙe ta amana

Dama ko hagu, duk ɗaya, amma kada ka sauya. Dankure ya fita gida yana ɗingisa dama, ya iso bakin masallaci yana ɗingisa hagu. Allah ya taimake shi Baiwa mai ƙosai ce kaɗai ta lura, ita kuwa ni kaɗai ta gaya wa. Ɗaura tsumma a gwiwar, ko don ka tuna.

3. Yi ihu kafin guduma ta sauka

Zai zaunar da kai kan benci, ya manna maka wani ƙarfe mai sanyi a ƙirji, ya saurari abin da kake ɓoyewa. Kada ka damu, tsoro ba ya fita a wannan ƙarfen, an gwada. Sannan ya ɗauko 'yar gudumar roba ya ƙwanƙwasa gwiwa. Kira sunan uwarka. Dankure ya kira har da na kakarsa. Malam Anselm ya girgiza kai ya ce, "Jijiya ce, ɗan'uwa. Ba kokawa sai na sake gani."

4. Yi fushi

Nan ragwaye ke faɗuwa, sai su ce alhamdu lillahi. A'a! Buga benci. Ka ce, "Ku sake ni in je Gulma yanzu!" Amma ka tabbata akwai masu riƙe ka, kuma masu ƙarfi ne.

5. Sha maganin, ko da ya fi cutar

Likitan zamani ba ya tsaga, ba ya kafa ƙaho. Motsa jiki zai ba ka. Ka kwanta rigingine tsakar gida, ka ɗaga ƙafa, ka sauke, ka ɗaga, awa jaririn da ake wa wanka, a bi da tsumma mai ruwan randa. Ƙato guda, da layu har damtse! Ni dai ban kira kowa kallo ba. Katangarmu ce gajeriya.

6. Toshe kunnenka da auduga

Wannan shi ne uban matakan, shi ne kuma Dankure ya raina. Ranar awon ƙarshe ya je da sanda, ana tallabe da shi. Malam Anselm ya lanƙwasa gwiwar, Dankure ya yi nishi mai kyau, har likita ya buɗe baki zai ce a nemi wani ya kara da Tamba. Sai ga Ɗantsoho makaɗi ta bayan taga, ya saki taken Dankure a ganga.

Kai ka sani, ɗan kokawa ba ya jin takensa ya ci gaba da zama. Jiki ya ɗauki tsuma. Sanda ta yi gabas. Dankure ya tsallake benci, ya dira kan ƙafar nan mai tsumma, ya ɗaga hannu yana kirari: "Sai ni kada mai kwana a Rima! Ina Tamba?"

Malam Anselm har da tafi. "Kun gani? Motsa jiki! Ba tsaga, ba ƙaho, ga jijiya ta warke sarai!" Ya ce Dankure ya fi kowa lafiya, kuma zai ba da labarinsa a kwas na gaba.

Ba ruwana

Wanda ya bi matakan nan ya karye, ko ya ji kunya, ko duka biyun, kada ya doso zaurena. Ni tsohuwa ce, karatuna na yaƙi da jahilci ne, ban san jijiya ba sai ta cikin miya.

"Gwaggo, mi kike rubutawa tun ɗazu?"

"Addu'a nike maka, ɗana. Gobe wace ƙafa za mu ce Tamba ya karya maka? In sani, don mata za su tambaye ni."

Ya fizgi tsumman gwiwarsa ya jefar, ya fice, ya maka ƙyauren har ƙasa ta zubo daga soro. Na leƙa ta taga. Ko ɗingishi babu.