Rasuwar 'Yar Baƙa, Wayar Malama Murjanatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da suka gaji da kuka, ake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki na Yauri, Ngaski da Shanga rasuwar 'Yar Baƙa, wayar Malama Murjanatu ta Yelwa. Ta cika ranar Asabar da hantsi, bayan jinyar kwana uku, tana da shekara huɗu da 'yan watanni.

Marigayiya ta yi zaman rufin asiri. Gilashinta ya tsage tun shekararta ta farko, amma ba ta taɓa fasa aiki ba. Ba ta da cin caji, ba ta da tonon asiri, in an kira ta cikin mutane a hankali take amsawa.

A ƙarshen rayuwarta ne babban aiki ya same ta. Wata ƙungiya ta ɗauki Murjanatu, wadda malamar firamare ce, ta yi amfani da hutun makaranta ta zagaya ƙauyukan bakin tafki, ta sa kowace rijiya da kowane famfo da ya lalace a taswira, don a san inda za a kai gyara. Ranar horo, 'Yar Baƙa ce tsohuwa cikin wayoyin ɗakin. Sai da aka goge hotunan bikin Yasira, ƙanwar Murjanatu, kafin manhajar aikin ta samu wurin zama, kuma marigayiya ta haƙura.

Tare suka koyi aikin, ba wadda ta fi wata sani. A tsaya a bakin rijiya, a ɗaga ta sama, a jira shuɗin ɗigon nan ya daina yawo ya tsaya wuri ɗaya, a ɗauki hoto, a amsa tambayoyi. In komai ya yi daidai, sai ta ce "tin!" Murjanatu ta ce har yanzu tana jin wannan murya in ta wuce rijiyar unguwarsu.

Mako uku suka yi, a babur da a jirgin ruwa, ƙauyuka goma sha tara. A Tungar Mai Koma, wata tsohuwa, Inna Hansatu, wadda jikokinta ke shan ruwan tafki tun da famfonsu ya mutu, ta riƙe hannun Murjanatu ta leƙa wayar.

"Ɗiyata, yanzu waɗanda sunka aiko ki sun san muna nan?"

"An kusa, Inna. Da na samu sabis za su sani."

Sabis ɗin ne bai samu ba. Duk abin da suka tara yana cikin cikin marigayiya, ba a tura ba.

Ranar Laraba, suna dawowa daga Wara a jirgi, an fara hango gari, sai sanda ɗaya ta sabis ta leƙo. Murjanatu ta zare marigayiya daga ledar da take adana ta, ta miƙe tsaye, ta ɗaga ta sama. Bayanan rijiya biyu suka tafi. Ana cikin ta uku iska ta kaɗo, jirgi ya karkata, marigayiya ta suɓuce. Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙulum".

Cindo mai jirgi bai tsaya cire riga ba ya faɗa ruwa. A nitso na huɗu ya fito da ita, tana zubar da ruwa ta ko'ina. An kwantar da ita cikin buhun shinkafa kwana uku, Murjanatu na zuwa dubiya safe da yamma. Daga nan aka kai ta wurin Sahabi mai gyara a kasuwar Yelwa. Ya buɗe ta, ya busa, ya goga, ya jona mata wuta, ya daɗe bai ɗago ba.

"Ko ba ta tashi ba, Malam Sahabi, a ciro mini abin da ke cikinta."

"Malama, sai haƙuri. Ruwa ya ci komi."

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da murfin roba, da layi biyu da aka ceto da rai. Ta bar uwar ɗakinta. Ta kuma bar ƙauyuka da dama da har yau ba su san ba sa cikin taswira ba.

Za a yi mata sutura ranar Litinin da la'asar, cikin kwalin da ta zo duniya da shi, a ƙasan akwatin Murjanatu. Ana karɓar gaisuwa a gidan Innar Murjanatu, bayan makarantar firamare. Ana roƙon masu zuwa su daina cewa da ta sani da ba ta miƙe tsaye a jirgin ba, Murjanatu ta riga ta faɗa wa kanta.

Ba za a yi zaman uku ba. Ƙungiya za ta rufe karɓar bayanai ranar Juma'a, kuma ta ce ba ta da ikon ɗagawa. Talata da sassafe Murjanatu za ta koma tafki da wayar aro. Cindo ya ce ko ruwa ya kwanta lafiya, ƙauye shida kawai za su iya kaiwa. Har zuwa rubuta wannan sanarwa, tana zaune da takarda da biro a cinya, ba ta iya zaɓen shidan ba.

Allah Ya ba mu haƙurin rashi.