Filin Injiniya Daga Sama

Allah ya ƙara wa Injiniya lafiya, domin irinsa ba su da yawa. Ko injin markaɗe bai taɓa kwancewa ba, amma tunda ya fara sayar da filaye ya ce sunan dillali ya yi masa kaɗan, mu kuma masu son zaman lafiya muka miƙa masa babba. Ƙananan dillalai ne ke jan mai saye a ƙafa cikin rana. Shi ƙaramin jirgi yake haya, mai kujera huɗu, ya nuna maka filinka daga sama.

"Mai hangen nesa ba ya duba ƙasa da tafin ƙafa," in ji shi. Muka yi ta gyaɗa kai, mu da ko tsani ba mu son hawa.

Ƙanin matarsa, malamin makaranta da ya ajiye aiki, shi ne ya fi kowa gyaɗawa. Ɗan abin da aka sallame shi da shi yake son zubawa a fili, ya daina zaman haya kafin ya mutu. Ranar da aka ɗaura masa bel a kujerar baya, ji ya yi shi ma ya zama mutum.

Injiniya na gaba kusa da matuƙiya, yana nuni ta taga. "Ga shi can, ƙanena, wancan koren. Shimfiɗaɗɗe, busasshe, ƙasa kamar siminti. Gobe ka ga dama ka fara gini."

Bai rufe baki ba injin ya yi tari, ya sake yi, ya yi shiru. Farfelar gaba ta tsaya cak. Malam ya nemi addu'o'in da ya shekara yana koya wa yara, ko ɗaya ba ta zo ba.

Matuƙiyar ba ta ko ɗaga murya ba. "Ba za mu kai gida ba, saukar dole za mu yi. Filinka ya fi kusa, Injiniya. Ka ce ƙasar da ƙarfi?"

Injiniya ya waiga ya dubi mai saye. Ya dubi koren da ke tasowa. A yi masa adalci, ya yi ƙoƙari, don sai da ya ce, "To, ai ƙarfi iri-iri ne."

"Na nufe shi ke nan."

"Kada ki kuskura!" Hular Injiniya ta faɗi. "Ruwa ne a ƙarƙashin ciyawar nan! Taɓo ne har wuya! Saniya ma ta shiga ba ta fito ba!"

Ta karkata jirgin, suka dira a wata gona da aka girbe, suka yi ta tsalle a kan kunya har ƙafar jirgin ta gaba ta karye. Ba wanda ya ji ciwo.

Malam ya fito zuciya na tafasa, ya shirya maganar da za ta raba zumunci. Injiniya kuwa ya kakkaɓe riga, ya buga ƙasa da dunduniya.

"Ka ji ƙarfi, ƙanena? Jirgi guda ta ɗauka. Irin wannan ba na nuna wa kowa sai na gida."

Malam ya buɗe baki zai zazzage masa. Abin da ya fito shi ne, "Yaya, ta ina ƙofa za ta kalla?"