Yadda Za Ki Yi Karatun Jinya a Indiya Ba Tare da Kin Wuce Mafara Ba

Ki bi matakan nan, na ba ki wata uku duk garinmu Damri za a riƙa kiranki 'yar Indiya, alhali ko Gusau ba ki leƙa ba. A kaina na gwada.

1. Ki faɗi rabin zance

Makarantarku ta ce malaman Indiya za su koyar da ku ta bidiyo. Ki gaya wa kakarki, Inna Saude, amma ki haɗiye "ta bidiyo". Kafin la'asar ta zaga gari gida-gida. Ki karɓi guzurin ƙuli-ƙuli, ki yi kuka daidai gwargwado, Balarabe mai babur ya sauke ki a Mafara, inda makarantar take.

2. Ki gaida malama sosai

Ya gida, ya aiki, ya iyali, ya gajiya. Kafin ki kai kan "ya ruwa" hotonta ya daskare, baki buɗe. In ta dawo ki soma daga farko. Gaisuwa rabin jinya ce.

3. Ki ji tsoron Talata

Ranar kasuwa duk Damri na Mafara. Ki sa takunkumi har ido. In Inna ta bugo waya, ki jinkirta amsa kowace magana, haka nisa yake.

4. In aka kawo ta

Wata Talata kina aikin koyo a asibiti, za a shigo da Inna ranga-ranga, jininta ya hau ta faɗi a rumfar tumatir. Ƙofar baya a buɗe take, ƙwararru ta nan suke bi. Ni dai na kasa. Na cire takunkumi, na ɗaura mata abin awo yadda malamar ta nuna mana.

Da ta farfaɗo ta dube ni ta ce, "Sannu da sauka, 'yar Indiya. Jirgin Balarabe ya maido ki?"

Na fashe da kuka.

"Yi shiru. Tun sati na biyu na sani. Ke dai ruhwa min asiri, na riga na shaida ma maƙwabciyata Umma kin hau giwa."

Gargaɗi: in Umma ta nemi hoton giwar, babu ruwana. Ni ma har yau nema nake.