Agwagi Biyu, Laima Ɗaya

Bangon wani littafin Hausa ne ya fara jan idona a teburin mai littattafai, bakin titin jirgi a Agege: agwagi biyu a ƙarƙashin laima ɗaya, ruwa na zuba. Ni da littattafan soyayya suka raina, na san abin da laima ɗaya take nufi.

Na saya wa Hafsa, 'yar yayana, wadda Yarbanci da Turanci suka zauna a bakinta, amma ta ƙi karatun Hausa har mahaifinta ya haƙura. Ko buɗe shi ban yi ba na tara yaran gidanmu, na shaida wa iyayensu ba a taɓa rubuta wa yara irinsa ba.

Ashe agwagin wanke hannu suke koyarwa. Shafi bayan shafi, sabulu da ruwa. Raina ya kasa ɗauka. Na sassauta murya na ce, "Sai ya dube ta, ya ce, ya rabin raina..."

Hafsa ta matso, ta ɗora yatsa a kan layin, tana haɗa baƙaƙen da ƙyar. "Wan-ke han-nun-ka. Anti! Ƙarya kike yi!"

Matan gida suka kwashe da dariya. Yayana kuwa yana bakin ƙofa yana goge ido, don bai taɓa jin ta karanta Hausa ba.

Yanzu Hafsa malamar firamare ce a Ogba. Duk littafin da ta zaɓa wa 'yan ajinta sai ta kawo mini, ta ce, "Anti, duba mana, a wane shafi za a ɗaura auren?"