Kukan Amarya a Hanyar Kirikasamma

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da aka kai ni gidan miji ba, ranar da na nemi hawaye a idona na rasa.

Kowa ya san amarya kuka take yi idan za a fita da ita daga gidansu. Wadda ta fita da busassun idanu, shi ke nan ta shiga bakin mata, a ce ɗokin aure ya hana ta kunya, kuma dangin miji ba sa manta irin wannan. Ni kuwa ina son mijina, kuma Kirikasamma ba nisa gare ta da Haɗeja ba, sai kukan ya ƙi zuwa. Ummata ma da dariya ta sallame ni, tana tsokanata wai kada na ƙona musu tuwo. Ta ina mutum zai fara kuka?

Aka saka ni a bayan motar ango, abokinsa yana tuƙi. A damata Gwaggo Hajara, ƙanwar babanmu, wadda ba ta ɗaukar raini. A hagu Anti Larai, yayar ango, tana ta leƙen ƙasan mayafina kamar mai duba ko shinkafa ta nuna. Tun kafin mu fita gari Gwaggo ta mintsine ni a cinya, ta raɗa mini cewa na yi wani abu kada na zubar musu da mutunci. Na matse ido, na tuno duk wani baƙin cikin da na taɓa yi, har akuyata da ambaliya ta tafi da ita. Ko ɗigo. Tafin hannuna ya jiƙe da gumi har ina tsoron lallena zai goge.

(A nan sai na faɗa muku halina. Ni mayyar finafinan baƙin halittun sararin samaniya ce. Ƙawayena suna kallon na soyayya, ni ina can wata duniyar.) Akwai wani fim da ban taɓa kallon ƙarshensa ban yi kuka ba. Wata halitta ce marar baki, wadda jikinta yake canza launi daidai da abin da wanda ke kusa da ita yake ji a zuciya. Wani tsoho ya ɓoye ta ya rene ta. Ranar da 'yan'uwanta suka zo ɗaukarta, tsohon yana ta dariya yana ɗaga mata hannu, ita kuma sai ta koma launin toka, don ta ji abin da yake ɓoyewa.

Sai dabara ta zo mini. Na ja mayafi na rufe ruf, na saka abin sauraro a kunne, na nemo wannan wurin a wayata na kunna. Hoto yana tafiya, amma ba sauti. Na ƙara murya, shiru. Na ƙure ta har ƙarshe. Abin da na manta shi ne, tun zamanin zance wayata ta saba haɗa kanta da rediyon motar nan ta bulutut.

Muna tsakiyar fadama, ciyawar kachalla dama da hagu, direba ya ce bari ya saka mana ƙira'a. Ya taɓa rediyo.

Wani gurnani ya cika motar, haɗe da ƙarar jirgin sama jannati yana tashi. Anti Larai ta fara salati tana laluben ƙofa. Direba ya taka birki har goshina ya bugi kujera. Gwaggo kuwa ko gezau, mayafina kawai ta ɗaga. Ga amarya riƙe da waya, idanu ƙamas, ga wata halitta mai ƙaton kai tana kallonmu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban waiwayo ba.

Anti Larai ta ce, "Au, fim amaryar tamu take kallo?"

Gwaggo ta karɓe wayar. Na jira faɗa, amma sai na ga ta ƙura wa hoton ido. Can ta tambaye ni me ya sa abin nan ya koma kamar toka, bayan tsohon dariya yake yi. Na yi mata bayani. Sai ta miƙo mini wayar.

"Da wannan abin yana tsakar gidanku ɗazu, da haka zai koma," in ji ta. "Uwarki tun asuba take shiga ɗaki tana wanke fuska, don kada ki gani."

Ban san lokacin da kukan ya ƙwace mini ba. Na yi shi har da shessheƙa, kwalli ya zubo har haɓa, Anti Larai da kanta ta koma rarrashina. Da muka isa, matan gidan suka yi ta yaba kunyata.

Har yau idan dangin mijina suka taru, Anti Larai sai ta tambaye ni ya mutanen sama. Ni dai na koyi abu biyu. Idan Umma ta cika dariya, nakan ƙara kallon fuskarta. Kuma ban sake shiga motar kowa ba sai na kashe bulutut.