Dodon Farar Takarda

"Na rantse da Allah, in Litinin ta yi yaron nan bai shiga ajin koyon rubutu na hutun nan ba, jami'a bana sai dai ya gan ta a talabijin!"

Muryar ɗanta ce ta keto bango ta faɗo ɗakin Kaka, har da ƙarar cokalin da ya buga a faranti. Dama bangon nan suna ne kawai. Ko atishawa aka yi a falo, daga ɗakinta Kaka take amsawa.

"Ka yi haƙuri, Baban yara, yana nema fa," in ji surukarta.

"Nema? Tun da aka yi hutu yake nema! Duk inda ya je sai ya dawo mini da aibi a baki. Haka yayansa ya shiga jami'a da sakamako mai kyau, ana ta yi mana barka, shekara ba ta zagayo ba suka koro mini shi. Wai bai iya rubuta maƙala ba, bai iya ɗaukar bayanin lakca ba. Ba za a yi mini biyu ba. In ba zai koyi rubutu ba, ga shago ga siminti, ya zo ya koyi dako."

Kaka ta ci gaba da murza man zafi a gwiwa. Ta san rantsuwar ɗanta, tun yana ƙarami in ya ce ya fasa cin abinci sai ya kwana da yunwa. Maganar ta dame ta. Amma can ƙarƙashin damuwar wani ɗan daɗi marar kunya yana motsi, don shago bayan layi yake, jami'a kuwa sai an yi sallama da jaka. Ta yi a'uziyya ta ƙara man.

Labule ya ɗaga. Jikanta Dogo ya shigo da sanɗa, takalmi a hannu. Sunan marigayi mijinta aka sa masa, don haka bakinta bai taɓa furta sunansa na yanka ba, kuma tun yana rarrafe take yi masa wasan miji.

"Kin wuni lafiya, amaryar da ta ƙi tsufa ta ƙi mutuwa?"

"Lafiya lau, mijin wahala. Wane irin maigida ne ke shigowa ɗakin matarsa da takalmi a hannu kamar ɓarawon masallaci?"

"Girmamawa ce."

"Tsoro ne. Ka ji rurin ubanka ka maƙale. Fita mini daga ɗaki, ni ba na ɓoye ɗan dako."

"Ɗan dako? Ni? Ni da sunana ya fito a saman allo, shugaban makaranta ya ba ni hannu a gaban kowa?"

"Ya ba ka hannu, ubanka zai ba ka buhu. Dubi wuyanka kamar mariƙin lema. Buhun siminti ɗaya zai mayar da kai gajere, in huta da ɗaga kai."

Dogo ya zube a kan darduma, ya jawo kwalbar maganin idonta daga kan taga ya girgiza. Aikinsa ne kullum la'asar. Uwarsa in ta zo ɗigawa hannunta rawa yake, ƙannensa kuwa a hanci suke zubawa.

"Ɗaga kai. Buɗe. Ki daina lumshewa, ba hoto zan ɗauke ki ba." Ya ɗiga. "Kuma a daina cewa ba na nema. Ƙafata ta kusa zama faifai. Na je na saman benen nan na bakin kasuwa. Ƙasansa masu walda ne, Kaka. Malami yana cewa ga yadda ake tsara lokacin karatu, ƙarfe yana ihu. Wa zai koyi natsuwa a kan maƙera?"

"Kai da kake karatu da waƙa a kunne?"

"Wannan waƙa ce, wancan azaba. Na je na makarantar 'yan mata ta tsallaken titi, fanka ta mutu, kujerun na yara ne, gwiwata a haɓata. Malamin kuma in ya ce 'sakin layi' sai ka nemi tawul don feshin yawu."

"Na cikin wayar fa, da uwarka ta ce ana yi daga gida?"

"A gidan nan? Sai ka hau tankin ruwa sabis yake gaishe ka."

"Allah sarki. Makaho ya rasa ido ya ce ido wari gare shi."

"Ke ce za ki yi wa wani gorin ido, maganin bai ma bushe a fuskarki ba?"

Kaka ta goge kumatu da bakin mayafi tana hararar inda take jin muryarsa. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron nan ba rago ba ne, ta sha ganinsa yana zagaya tsakar gida da littafi yana maimaitawa har sai kalmomin sun zauna. Wanda ya jure wannan ba fanka ce za ta kore shi ba.

"Saura na laburare," ta ce a hankali, kamar mai taka ƙaya.

"Wannan ai ya fi kowanne rainin hankali! Wuri mai sanyi, shiru, kujeru masu kyau, amma matar da ke koyarwa ba ta da imani. Ko gaisawa ba ku gama ba sai ta miƙo maka farar takarda. Fara fat, ba tambaya, ba zaɓi ɗaya cikin huɗu, ba komai. Wai rubuta shafi guda a kan wani mutum da ka sani, daga kanka. Kuma ranar farko sai ka tashi ka karanta a gaban aji, kowa ya tsince ka kamar shinkafa. Wannan koyarwa ce ko tonon asiri?"

"To. Su masu waldar ba su ba ka takarda ba?"

"Sun bayar."

"Mai tawul fa?"

Dogo ya shiga murɗa murfin kwalbar magani, ya rufe ya buɗe.

"Na wayar ma ai turawa ake yi," ya ce ƙasa-ƙasa.

Kaka ta tafa hannu har man zafi ya yi ƙara.

"La'ilaha! Ashe ba ƙarfe ba ne, ba fanka ba ce! Takarda! Jama'a ku zo ku ga abin da aka aura mini. Namijin da ya ce zai kare ni daga ɓarayi, farar takarda ta koro shi gida da takalmi a hannu!"

"Rage murya, Baba zai ji."

"Ya ji mana! Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ashe duk hannun da shugaban makaranta ya ba ka, aku ya ba wa. A faɗa maka ka maimaita. An ce faɗi naka, sai zawo."

"A yi mini tambaya in ba da amsa, shi ne karatu!" Ya miƙe zaune, jijiyar wuyansa ta tashi. "Me zan rubuta daga kaina? In na zauna gaban abin nan kaina sai ya yi fari kamar ita. Yaya ma da ya fi ni baki an koro shi. In na tashi a gaban aji aka yi dariya, shi ke nan kowa ya san..."

Bai ƙarasa ba. Kaka ta ji abin ya soke ta, amma a tsakaninsu tausayi ba ya fita sai ya sa rigar zagi.

"Kowa ya san na yi asarar sadaki," ta ce.

"Kin ga, tsohuwa, laifi tudu ne. Kin taka naki kina hango nawa. Wa ya kashe maganar laburare a gidan nan? Ni?"

"Wa kuwa?"

"Wa ya kira Umma da sassafe ya ce ya yi mummunan mafarki? Wai kin ga dogon yaro a bakin gadar da ake hayewa zuwa laburare, mota ta taho, kin farka kina salati. Har Umma ta yi sadaka ta ce kada in ƙara bin hanyar!"

"Ƙarya kake! Yaushe ka ji?"

"Bangon da ya kawo miki maganar Baba shi ya kawo mini taki. Ina falo ina shan shayi. Har na ji kina cewa, 'Kuma ajin nasu da la'asar ne ko?' Wane irin mafarki ne ke tambayar lokacin aji?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Kaka ta kau da kai. Mafarkin kam ta yi shi, amma gadar ba ta ciki, motar ma da safe ta ƙara ta. Abin da ta gani ɗakinta ne da la'asar, kwalbar magani a kan taga, labule ba ya motsi. Wannan kuwa ba mafarkin da ake faɗa wa suruka ba ne.

"Ni za ka yi wa sharri? Ni da na wanke maka kashi? In ma na yi, ai faɗuwa ce ta zo maka daidai da zama. Ka shige bayan mafarkina ka laɓe, ko musu ba ka yi ba!"

"Ke kuma kika laɓe bayan tsorona! Wallahi ban taɓa ganin mace irinki ba. Ki ce kunnenki ya mutu in an ce ki sha magani, amma a buɗe ledar alewa a ƙofar gida sai ki ce wa ke nan. Kina musu da mai karanta labarai a rediyo, in ya ci gaba da magana ki ce ba shi da tarbiyya. Ƙarƙashin gadonki leda ce cikin leda cikin leda, kamar za a yi yaƙin da ba a biyan fansa sai da leda. Kwalaben maganin da suka ƙare kin jera su a taga kamar 'yan makaranta, in an taɓa ɗaya ki ce an yi miki sata. In baƙi sun zo ki yi ta nishi kina neman gafarar kowa, suna fita ki miƙe ki leƙa abin da suka kawo. Carbinki gudu yake in ana gulma, don kada a ce kina saurare. Kin binne miji, kin binne ƙawaye, kin binne likitan da ya ce ba za ki kai baɗi ba, yanzu kuma karatuna kike haƙa wa rami don kada ki rasa mai ɗiga miki ruwa a ido!"

Ya tsaya yana haki. A falo ma an kasa kunne.

Kaka ta so ta fashe da masifa, kalmomin ma sun hau harshe. Sai dai maganar likitan ta yi mata daɗi ƙwarai, kuma duk abin da ya lissafa babu na ƙarya ko ɗaya. Ta dube shi da idon da ya fara washewa. Ta san in ta yi shiru yanzu, Litinin za ta zo ta wuce, yaron ya tafi shago, kullum la'asar ya dawo mata da ƙurar siminti a gira. Nata ne har ta mutu. Ta ga kuma yadda zai riƙa ɗiga maganin ba tare da ya ce mata komai ba.

"Maigida."

"Me?"

"Wannan rashin kunyar da ka zubo yanzu, in an rubuta ta, shafi nawa ce?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ɗora.

"A littafin wa ka haddace ta? Wane malami ya ba ka zaɓi ɗaya cikin huɗu? Matar nan cewa ta yi mutumin da ka sani. Duk duniya wa ka sani kamar ni, ɗan banza? Je ka rubuta ni. Na ba ka kaina kyauta, da ledojin da kwalaben. In aji ya yi dariya, ni aka yi wa, kuma ni dariyar yara ba ta kashe ni, likita ma ya gwada."

"Ki ce in tona miki asiri a gaban mutane?"

"Ka sa cewa fara ce ni, kyakkyawa. Sauran ka faɗi gaskiya."

Dariya ta ƙwace masa, ya kife kai a gwiwa. Kaka ta jawo sandarta ta ƙwanƙwasa bango da ƙarfi.

"Kuna ji na ai, kada ku yi mini kamar ba ku nan! Mafarkin nan na sake dubawa, ba gada ba ce, cikina ne ya ɓaci. Yaro zai tafi laburare yanzu ya yi rajista. Kai kuma ka nemi wani ɗan dakon, mijina ba ya ɗaukar siminti!"

Daga falo aka ji tarin ɗanta, irin na wanda shayi ya sarƙe.

Ta laluba bayan gado ta zaro tsohuwar lemar marigayi ta jefa wa Dogo.

"Riƙe, rana ba ta faɗi ba. Ka dawo mini da ita, ta fi ka daraja. Maganin kuma uwarka ta riƙa ɗigawa, in ta tsiyaye mini ido alhakin yana wuyanka."

Ya sa takalmansa a tsakiyar ɗakin, da gangan, yana buga ƙafa yadda za a ji a falo. Kaka ta juya fuska wajen taga tana gyara jerin kwalabenta da ba su karkace ba. Ta ji labule ya ɗaga, amma ba ta ji ya sauka ba.

"Amarya," ya ce daga bakin ƙofa. "Wayar nan taki da kika kulle a cikin leda, ki fito da ita in na dawo in koya miki ɗagawa. Ko a jami'a ba a hana mutum zagin matarsa da la'asar."