Na Kori Koci Saura Kashi Ɗaya

Wata biyar na yi ina sharhin hokin ƙanƙara a gurup ɗin danginmu, alhali ban taɓa taka filin ba. Sakamako kawai nake gani a salula, sai in ɗora nawa bayani. Yaya Laminu da ke Paris ne kaɗai ke cewa, "Ke, kin ma san dokar wasan?"

Don in rufe masa baki, wata Lahadi na sayi biye, wato tikiti, na tafi wasan da zai nuna ko ekip ɗinmu, ƙungiyar Lyon, za ta wuce gaba. Aka yi kashin farko, aka huta, aka yi na biyu. An ci mu uku, mun rama ɗaya. Ni da na tashi da kallon balo, ƙwallon ƙafa mai kashi biyu, na san an gama ke nan. Da na ga mutane ba su motsa ba, na ce baƙin ciki ne ya danne su, bayin Allah.

A cikin tiram, jirgin cikin gari, ina komawa gida na aika vokal, saƙon murya na minti shida, a gurup. Na kori koci, na ce mai tsaron gida ya zo kasuwar Guillotière ya sayar da kuɓewa, na yi wa kakar wasan bana jana'iza.

Ina sauka Yaya ya kira. "Ƙanwata, kina ina ne? Wasan kashi uku ne. Yanzu naku suka farke."

Ashe ma mu za mu ci.

Har yau in na tada sallar magariba a gidan Yaya, sai matarsa ta leƙo ta ce, "Hajiya mai sharhi, raka'a uku ce fa."